Yadda na raba kogon tayar motata da laka da tsatsa a Jos

A watan Agustan bara ina tsugune a ƙofar gida a Rikkos ina duba iskar taya, sai idona ya kai kan wasu 'yan ƙuraje a jikin fentin motar, daidai leɓen ƙarfen da ya zagaye tayar baya ta hagu. Ba su fi biyar ba, kowanne kamar ƙwayar dawa. Na danna ɗaya da farce ya fashe, wani ruwa ja-ja ya tsattsafo. Da na zura hannu ta bayan leɓen sai na ji laka danƙare kamar yaɓen katanga, kaurinta ya kai yatsa biyu, kuma jiƙe take sharkaf alhali an kwana biyu ba a yi ruwa ba. Gabana ya faɗi. Motar Corolla ce ƙirar 2006, 'yar Kwatano, shekararta huɗu a hannuna, kuma ba na bari mako ya wuce ban wanke ta ba. Ashe duk wankin nan jiki kawai nake wankewa. Kogon da taya ke juyawa a cikinsa, wanda makanikai ke ce wa cikin fenda, ban taɓa leƙa shi ba ko sau ɗaya. Ga shi ina da gona a wajen Jengre, duk damina sai na bi hanyar jar ƙasa aƙalla sau biyu a mako, taya tana kwasar taɓo tana watsawa sama. Na sha wahala da asarar kuɗi kafin in gane yadda ake bin wannan aiki daki-daki, shi ya sa nake so in faɗi yadda ta kasance da ni.

Abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne wanki. Ranar Asabar na kai ta wani wajen wankin mota mai ramin da ake hawa da mota a kai, na ce a wanke mini har ƙarƙashi. Motoci bakwai na tarar a gabana, na yi zaman awa ɗaya da rabi a kan benci. Kuɗin wankin jiki naira 2,500, na ƙarƙashi 3,000. Lakar da ta zubo daga kogon tayoyin baya kaɗai ta kusa cika bokiti, ruwan da ke gangarowa ja wur. Da aka gama, yaron da ya yi wankin ya ce, "Oga, a fesa mata baƙin mai? Shi ne maganin tsatsa, kowa haka yake yi." Na amince, na ƙara 1,500. Ya haɗa tsohon man inji da man gas a cikin wata gora, ya feshe ƙarƙashin motar gaba ɗaya, har ta yi baƙi tana sheƙi. Raina ya yi fari, na ɗauka an gama. Ban yi nisa da wurin ba na taka birki a bayan wani keke, na ji motar tana zamewa kafin ta kama. Na ce ai ruwa ne, zai bushe. Ga kuma wani ƙauri da ke tashi daga salansa. Ƙaurin ya tafi bayan kwana biyu, amma birkin bai dawo daidai ba, kuma cikin mako biyu yashi da ƙura suka manne a kan man nan suka zama wani irin baƙin kunu mai kauri.

Daga nan sai wajen makanikina a Farin Gada. Na je da sassafe don in riga layi, amma duk da haka sai da hantsi ya ɗaga kafin ya waiwaye ni. Ya ɗaga gaban motar, ya kwance taya, ya shafa yatsa a kan faifan birki ya nuna mini: mai. Fad ɗin birkin, wato takalman da ke matse faifan, sun sha man, kuma ya ce idan suka sha ba sa wankuwa, sai dai canji. Ya kama tiyon birki da robar shaf da bushin yana nuna mini ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Malam, tsohon man inji yana kumbura roba ya lalata ta, kuma yana kama ƙasa. Ka ga wannan kunun? Ruwa zai riƙe maka, ba korar shi zai yi ba." Na sayi sababbin fad na gaba 14,000, kuɗin aiki 3,000, ya wanke faifan tas. Sannan ya yi wani abin da ban taɓa tunani ba. Ya buɗe ƙofar direba ya nuna mini takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofa, rubutunta da Turanci da Faransanci, ya nuna agogon gudu da manyan lambobinsa na kilomita ne, ya kuma ce in duba lambar shasi a takardun kwastan ɗina. Da 2 ta fara, alamar a Kanada aka ƙera ta, sauran alamun kuma suna nuna can aka yi amfani da ita. A Kanada da arewacin Amurka ana zuba gishiri a kan titi lokacin dusar ƙanƙara don ta narke, kuma ruwan gishiri yana saurin cin ƙarfe. Wato motar ta zo da ciwonta tun daga can, lakar Filato kuma ta zo ta riƙe masa danshi. Ya ce wannan ba aikinsa ba ne, ya haɗa ni da wani dattijo mai gyaran jikin mota a can bayan garejinsu.

Dattijon nan, wanda kowa a wurin Baba yake ce masa, bai yi maganar kuɗi ba sai da ya gama dubawa. Ya sa yaransa suka cire tayoyin huɗu bi da bi, ya ɗauki sukudireba yana ƙwanƙwasa ƙarfen da ƙotarta yana saurare. Inda ƙarfe ke da lafiya ƙarar tana fita tangaran, inda ya ruɓe sai ka ji ta dushe kamar an bugi kwali. A bayan hagu ya danna bakin sukudireban a hankali, sai ga ta ta huda ta shige. Na ji abin har cikin raina, kamar a jikina aka soka. Da ya kankare gefen, ramin ya kai faɗin tafin hannu. Bayan dama tsatsar sama-sama ce. A gaba kuwa, baƙar robar nan da ke rufe kogon daga ciki babu ita sam a hagu, ta dama kuma ta yage tana reto, don haka duk abin da taya ta watso kai tsaye yake shiga bayan fenda ya taru a ƙasan ta kusa da ƙofa. Ya ce in buɗe but. Ya ɗaga shimfiɗar, sai ga farin gari a kusurwa da tsatsa a kan tudun taya ta ciki. Ya zuba mini ido ya ce, "Kana ɗaukar taki a nan ko?" Gaskiya ne, buhunan yuriya nake kaiwa gona a ciki. Takin zamani yana jawo danshi yana kuma cin ƙarfe, don haka tsatsar ta ciki da ta waje ce suka haɗu a tsakiya.

A nan ne na kusa tafka kuskure na biyu. Baba ya ce ba zai yi aikin yanzu ba, in dawo bayan ruwa ya ɗauke. Wanda ya san Jos a Agusta ya san dalili: ruwa safe da yamma, hazo, rana ba ta daɗewa, kuma rumfarsa ba ta da bango. Ni kuma hankalina ya tashi, ina ganin kafin Nuwamba motar ta gama ruɓewa. Ina fitowa wani mai fenti da ya ji maganarmu ya tare ni, ya ce zai cike ramin da fila, wato ƙullun da masu fenti ke cike lotsawa da shi, ya fesa baƙin feshin nan mai kama da kwalta da suke kira andakot, a ranar, a kan 25,000. Na koma na gaya wa Baba. Ya ce, "Ɗana, in ka ɗaure gyambo ba ka wanke shi ba, ciki zai riƙa ci, kai kuma kana ganin bandeji fari. Feshin nan in ya hau kan tsatsa mai danshi, rufe ta zai yi da ruwanta, shekara ɗaya ka ɓamɓare shi ka tarar babu ƙarfe." Na yi shiru na ɗan lokaci, sannan na bi maganarsa. Abin da ya yi mini na wucin gadi kaɗan ne: yaransa suka wanke baƙin man da omo da ruwan ɗumi da buroshi, ya kankare bakin ramin ya shafa jan fenti, ya ce duk ranar da na dawo daga gona in sa tiyo in wanke cikin kogon, kuma in daina zuba taki a but ba tare da leda mai kauri a ƙasa ba. Bai karɓi ko sisi ba, yaran kawai na ba na abinci.

Ƙarshen Oktoba na koma ya rubuta mini kayan aiki a bayan wani kwali, na nufi Dilimi. Zuwana na farko a banza ya tafi, don na ce a ba ni robar cikin fenda ta Corolla kawai, na kawo wadda ba ta hau ba. Ƙirar 2003 zuwa 2008 daban take da wadda ta biyo bayanta, kuma ta hagu ba ta shiga dama. Abin da ya cece ni shi ne na karɓi rasit, na kuma sa mai shagon ya rubuta a jiki cewa in ba ta yi ba zan dawo da ita. Washegari na tafi da yagaggiyar robar dama a hannu, aka gwada, aka ba ni biyu 'yan Beljiyam a kan 18,000. Ƙananan maɓallan roba da ke riƙe ta na sayi talatin a kan 4,500, don tsofaffin karyewa suke yi wajen cirewa, kuma rashinsu ne ke sa a ɗaure robar da waya har ta yage. Gwangwanin andakot huɗu 32,000. Ruwan kashe tsatsa 9,000. Firaima, wato fentin da ake fara shafawa a kan ƙarfe, da man toshe haɗin ƙarfe da sanfefa mai kaushi da mai laushi da buroshin ƙarfe suka tashi 15,000. Baba ya gargaɗe ni in duba kwanan watan da ke ƙasan kowane gwangwani, in kuma girgiza shi in ji ƙwallon ciki yana kaɗawa, don wanda ya daɗe a shago yakan daskare. Guda ɗaya na mayar saboda haka.

Tsakiyar Nuwamba, hunturu ya fara busawa, na ajiye motar ranar Litinin. Mun yi ciniki a kan 45,000 kuɗin aikinsa, na ba da rabi, sauran sai an gama. Na kwashe takardun mota da duk abin da ke ciki, na ɗauki hoton agogon tafiya da na mai. Ranar farko wanki ne kawai da shanya. Aka ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe huɗu, domin Baba ba ya yarda yaro ya sa kai a ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Aka cire tayoyi da ragowar roba, aka jiƙa wurin da ruwan omo, aka bar shi ya tsumu, sannan aka bi da buroshi, har da tsohon buroshin haƙori don cikin leɓen nan da ƙarfe ya naɗe. Na lura ba su matsa bakin injin feshin ruwa kusa da robar shaf ko siririyar wayar ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, ba, don ƙarfin ruwan yana iya yaga roba ko ya tura ruwa inda giris yake. Bayan an ɗauraye aka hura iska a lungu-lungu, aka bar ta a rana har yamma, ta kuma kwana a haka. Na tambaya ko ba za a fara kankara ba tunda akwai sauran rana, ya ce haɗin ƙarfe yana ɓoye ruwa ko da sama ta bushe.

Rana ta biyu ita ce ta fi tayar mini da hankali, domin bututun da ake zuba fetur ta cikinsa ta kogon bayan hagu yake bi, daidai inda za a yi walda. Sai da aka cire kan batir, aka kwance bututun aka toshe bakin tanki, aka lulluɓe wurin da jiƙaƙƙen buhu, aka kwashe shimfiɗar but gaba ɗaya, aka ajiye bokitin yashi da na ruwa a gefe. Baba ya yanke ruɓaɓɓen ƙarfen har sai da ya kai inda yake fari mai ƙyalli, ramin ya ninka yadda na san shi. Ya zana siffarsa a kwali, ya yanko faci daga jikin wata tsohuwar ƙofar mota, ya yi ta bubbuga shi a kan guntun ƙarfen dogo har ya ɗauki lanƙwasar wurin. Waldar ɗigo-ɗigo ya yi, yana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan don kada zafi ya murɗe ƙarfen, yaro ɗaya kuma yana tsaye ta cikin but yana kallon ko wani abu zai kama. Sauran kogon uku aka bi su da buroshin ƙarfe da sanfefa har duk ɓawon tsatsa ya zube. Sannan aka shafa ruwan kashe tsatsa. Ina kallo wurin da yake ja ya fara rinewa, kafin la'asar ya koma baƙi. Ruwan yana da sinadarin da ke juya ragowar tsatsa ta zama wani baƙin ɓawo mai ƙarfi da fenti zai iya kamawa, amma ba ya aiki a kan tsatsa mai kauri ko wurin da ke da maiƙo, shi ya sa kankara da wanki suka riga shi.

Laraba aka shafa firaima, aka bi layin walda da duk haɗin ƙarfe da man toshewa, ciki da waje. Alhamis ce ranar feshi. Na iso ƙarfe takwas cikin rigar sanyi ina ɗokin a fara, Baba ya jera gwangwanayen a rana ya ce sai sha ɗaya, don a sanyin safiyar Jos feshin fita yake da gudaji kuma ƙarfen kansa yana da raɓa. Kafin lokacin yara suka naɗe birki da tiyonsa da wayar ABS da sandar shoka da salansa da tsofaffin jaridu da leda, suka manna takarda a gefen fentin waje. Ya ɗaura ƙyallen rufe hanci, ya ce in koma bayan iska. Shafi biyu ya yi marasa kauri, da tazarar kusan rabin awa a tsakani kamar yadda aka rubuta a jikin gwangwanin. Na ce ko a ƙara kauri tunda akwai saura, ya ce mai kauri samansa ke bushewa cikinsa na ɗanye, daga baya ya tsage, ruwa ya samu hanya. Da ya gama ya ɗauki ƙusa ya bi ƙananan ramukan da ke ƙasan fenda da ƙasan ƙofofi yana buɗe su. Ban san da su ba sai ranar. Ta nan ruwan da ya shiga yake fita, kuma feshi yakan toshe su in ba a kula ba.

Juma'a aka ɗaura sababbin robobin gaba, mai fenti ya gyara leɓen waje a kan 20,000. Lambar launin motar tana jikin takardar nan ta ginshiƙin ƙofa, da ita aka haɗa fentin, duk da haka sai da ya ɗan gyara haɗin saboda rana ta kodar da tsohon. Bayan sallar Juma'a na biya ragowar kuɗi na karɓi makulli. Baba ya sa aka ɗaure notin taya a tsallake, ɗaya nan ɗaya can, ya ce in kai wa mai faci ya sake gwada su bayan na yi tafiyar kilomita hamsin zuwa ɗari, kuma kada ruwa mai ƙarfi ya taɓa wurin sai bayan mako guda. Na je Bukuru na dawo sau biyu sannan na tsaya wajen mai faci, aka samu noti biyu a bayan dama sun ɗan saki.

Idan na haɗa lissafi, ainihin aikin ya ci 143,500, kaya da hannu. Wanki da baƙin mai da fad ɗin da man ya lalata suka ci 24,000, ban da kuɗin keke na kwana biyar. Da na san abin da na sani yanzu, da yawancin wannan bai fita ba, domin kogon da bai huje ba wanki da feshi kawai yake buƙata, walda da fentin waje su ne suka ɗaga kuɗin. Wanda zai sayi 'yar Kwatano ya murɗa sitiyari har ƙarshe ya haska fitilar waya cikin kogon, ya zura hannu bayan leɓen tayar baya, ya ɗaga shimfiɗar but. In ya ga sabon baƙin feshi mai sheƙi a tsohuwar mota, ya tambayi abin da aka rufe. Wanda motarsa ke hannu kuma, kada ya yarda a fesa komai a wurin da bai gani da idonsa ba bayan an wanke an bushe, kuma ya tsaya a wurin ranar walda da ranar feshi ko da zai bar wani uzurin. Lokacin aikin a Jos daga Nuwamba ne zuwa Maris, kafin ruwan Afrilu ya sauko. Feshin kansa ba na har abada ba ne, tsakuwa tana ɓantarar shi, don haka yana son dubawa farkon damina da ƙarshenta.

A watan Mayun bana, bayan dawowata ta farko daga gona cikin taɓo, na ja tiyo na wanke kogon huɗu tun lakar tana ɗanya, abin bai ɗauke ni minti goma ba. Na bi leɓen bayan hagu da yatsa daga farko har ƙarshe, santsi kawai na ji. A bayan dama na samu wuri ɗaya kamar faɗin farce inda dutse ya ɓantare feshin har firaima ta bayyana. Na bar shi ya bushe kwana biyu a cikin rumfa, na goge da sanfefa, na ɗauko ragowar gwangwanin da Baba ya ce in adana, na rufe shi.